Babi na Bakwai: Ido a Gaban Alƙali

Bahaushe ya yarda da idonsa ƙwarai, har ya ce gani ya kori ji, ya kuma ce labarin zuciya a tambayi fuska. Kuma duk wanda ya taɓa zama a zauren sulhu, ya ga yadda dattawa ke ƙura wa mai magana ido tun kafin su auna hujjarsa, ya san ba don ado aka yi waɗannan maganganu ba. To, wanda ya ɗauki Littafi Mai Tsarki na Kirista, wanda aka buga cikakkensa da Hausa a shekarar 1932 bayan doguwar wahalar da Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha, ya bi shi a tsanake tun daga Farawa har Wahayin Yahaya, zai tarar da cewa marubutansa, duk da nisan zamanin da ke tsakaninsu, sun yi ittifaƙi a kan abu guda game da ido: suna sauraron shaidarsa, amma ba su yarda a yanke hukunci da ita kaɗai ba. A wurinsu ido shaida ne da ke zuwa gaban alƙali ya faɗi abin da ya gani ba ƙari, illa dai ba a yi masa tazkiyya ba, domin zuciya ta riga ta gana da shi a soro, ta gaya masa inda zai duba da inda zai kau da kai.

Babu inda wannan mas'ala ta fito fili kamar ƙissar naɗin sarakunan Isra'ila na farko, kimanin shekara 1000 kafin haihuwar Almasihu. Da Bani Isra'ila suka matsa wa Annabi Sama'ila sai ya naɗa musu sarki kamar sauran al'ummai, wanda aka ba su shi ne Saul ɗan Kish, na kabilar Biliyaminu, wanda Musulmi suka sani da Ɗalutu. Kuma abin da marubucin ya fara gabatar mana game da wannan saurayi, tun ba mu ji kalma ɗaya daga bakinsa ba, shi ne kyawunsa da tsawonsa, cewa in ya tsaya cikin taro mafi tsawon mutane a kafaɗarsa yake ƙarewa. Ranar da za a nuna shi ga jama'a a Mizfa aka neme shi aka rasa, sai a cikin kaya aka same shi ya ɓuya. Amma da aka fito da shi mutane suka ga ƙirarsa sai suka ɗau sowa, ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da ya kai mutumin da za a danƙa wa amanar ƙasa ɓuya a bayan kaya. Da tafiya ta yi tafiya hali ya bayyana: gaggawa, da tsoron bakin mutane, da saɓa umarni a yaƙin Amalekawa, inda ya bar sarkinsu Agag da rai, ya ware dabbobi masu ƙiba, da aka tuhume shi ya ce wai don hadaya ya ajiye su.

Daga nan ne aka aiki Sama'ila Baitalami, gidan wani dattijo mai suna Yesse, da ƙaho cike da man naɗi, yana kore da karsana don a ce hadaya ce ta kawo shi, saboda shi kansa yana tsoron labari ya kai kunnen Saul. Dattawan gari suka tarye shi jiki na ɓari, suna tambayar ko lafiya. Aka tsarkake Yesse da 'ya'yansa, suka shigo ɗaya bayan ɗaya, na fari Eliyab a gaba, dogo, mai kwarjini. Abin lura a nan shi ne, wanda ya kusa faɗawa tarkon ba wani ba ne daga cikin 'yan sowar Mizfa. Annabin ne da kansa, tsohon da ya ga abin da Saul ya zama, ya daɗe yana baƙin ciki a kansa, amma da wani dogon ya sake tsayawa a gabansa sai zuciyarsa ta ce lalle ga sarki. Nan take aka tsawata masa a asirce, aka fahimtar da shi cewa tsawo da kwarjini ba su ne ma'auni ba, domin ganin ɗan Adam a fata yake tsayawa, na Ubangiji kuwa ciki yake ratsawa. 'Ya'ya bakwai suka wuce ba a zaɓi ko ɗaya ba, har sai da baƙon ya tambaya ko da saura, sannan uban ya tuna da autansa Dawuda da ke daji da tumaki, wanda bai ma ga dalilin kiransa wurin taron manya ba. Sama'ila ya ce ba wanda zai zauna sai ya zo.

Masu wa'azi da yawa a nan suke tsayawa su ɗaure maganarsu, alhali abin mamakin yana gaba kaɗan. Da yaron ya shigo, marubucin, wanda tawadar gargaɗinsa ba ta ko bushe ba, sai ya siffanta shi da jan fata, da kyawun idanu, da kyan gani. Da manufar littafin ita ce ya koyar cewa kyau alamar ɓaci ne, muni kuma alamar kirki, da nan ne wurin da ya dace a kawo mana wani gajere mummuna a ɗora masa mai. Amma ba a yi haka ba, kuma a ganina wannan shi ne mabuɗin babin gaba ɗaya. Kyawun Dawuda bai ba shi sarauta ba, bai kuma hana shi ba. Ba a ɗora shi a kan ma'aunin ba sam. Littafin da ya yabi kyawun Saratu da Rifkatu da Rahila da Yusufu da Esta, ya kuma keɓe Waƙar Waƙoƙi sukutum ga yabon masoyi da masoyiya, ba za a ce yana gaba da kyau ba. Da mai kallo yake faɗa, wanda ke ɗaukar zahiri ya mai da shi hujja a kan baɗini, ko ta hanyar girmamawa ko ta hanyar raini. Shi ya sa a sura ta gaba, da Goliyat, wato Jalutu, ya dubi wannan kyakkyawan yaro a kwarin Ila, kyawun nan da kansa shi ya sa ya raina shi.

Sai kuma ga wanda aka zaɓa saboda zuciyarsa, ido ya kayar da shi. Ya kamata a faɗa a nan cewa malaman Musulunci ba su karɓi ƙissar da ke tafe ba, saboda aƙidar isma, wato tsarewar annabawa daga alfasha. Mu kuwa abin da littafin Kirista ya ƙunsa muke bayani, ba tarjihi muke yi ba. Littafin Sama'ila na biyu, a sura ta 11, ya ce a lokacin da sarakuna kan fita yaƙi, rundunar Dawuda tana can ta kewaye birnin Rabba a ƙarƙashin Yowab, shi kuwa ya yi zamansa a Urushalima. Wata rana da yamma ya tashi daga kan gado, ya hau saman benen fada yana zagayawa, ya hango wata mace tana wanka. Hangen farko ba a ɗora masa laifinsa ba. Abin da ya biyo baya ne marubucin ya jera a hankali, ba tare da ya ɗaga murya ba: ya aika a bincika, aka ce matar Uriya ce, ɗaya daga cikin sojojinsa da ke bakin daga, sanin bai tsai da shi ba, ya aika aka kawo ta, har al'amari ya kai ga wasiƙar da Uriya ya ɗauka da hannunsa ya kai wa Yowab, bai san hukuncin kisansa ne a ciki ba.

Ɗansa Absalom kuwa shi ne ya gane cewa idon jama'a jari ne. Duk Isra'ila ba wanda ake yabo da kyau kamarsa, kuma sumarsa, wadda sau ɗaya a shekara yake askewa in ta yi masa nauyi, akan auna ta a sami shekel 200, abin da masana suka ƙiyasta ya haura kilo 2. Ya tanadi karusa da dawakai da zagage 50, ya riƙa sammako zuwa ƙofar gari, duk mai ƙara da ya nufi fada ya tare shi, ya tambayi garinsu, ya ce masa ƙararsa tana da hujja sai dai ba mai sauraronsa a ciki. In mutum ya zo zai faɗi gaisuwa ya tashe shi ya sumbace shi. Da wannan ya ja zukatan talakawa har ya kori ubansa daga gadon sarauta, kafin a ci shi da yaƙi a kurmin Ifraimu, inda alfadarinsa ya kutsa ƙarƙashin wani babban itace, kansa ya maƙale a rassa, dabbar ta wuce ta bar shi yana reto, Yowab ya zo ya soke shi.

Wannan tsari na gani, sannan sha'awa, sannan miƙa hannu, ya girmi Dawuda nesa ba kusa ba. Hauwa'u ta ga itacen ya yi wa idonta kyau kafin ta tsinka. Da idanunsu suka buɗe, ita da Adamu, abin da suka fara gani shi ne tsiraicinsu. Lutu, da Ibrahim ya ba shi zaɓi, ya ɗaga ido ya ga kwarin Urdun shar da ruwa, ya zaɓe shi, bai ga Saduma da ke cikinsa ba. Wani mai suna Akan ya ga wata alkyabba ta Babila, da azurfa shekel 200, da zinariya shekel 50, a cikin ganimar Yariko da aka haramta, ya binne su a tantinsa. Samson ya ga wata Bafilistiya a Timna, iyayensa suka yi nasiha ya ce ita ta yi masa. Ƙarshensa Filistiyawa suka ƙwaƙule masa idanun nan, suka sa shi niƙa a kurkukun Gaza.

Idan aka shiga Sabon Alkawari sai a ga Yesu Almasihu ya ɗauki wannan tsohuwar tuhuma ya kai ta maƙura. A cikin huɗubarsa ta kan dutse, wadda Matiyu ya kawo daga sura ta 5 zuwa ta 7, ya mai da kallon sha'awa zina ta zuci tun jiki bai motsa ba, ya kuma ce gara mutum ya rasa idon da ke kai shi ga zunubi da ya hallaka gaba ɗaya. Jumhurun malaman Kirista kuwa majazi suka ɗauki wannan, domin sun san makaho ma yana da sha'awa. A huɗubar dai ya misalta ido da fitilar jiki, cewa lafiyarsa haske ce ga mutum duka, ɓacinsa kuma duhu. Mutane da yawa sukan karanta wannan kamar magana ce ta basira a dunƙule, amma wanda ya duba inda aka ajiye ta zai ga tana tsakanin gargaɗi kan tara dukiya da gargaɗi kan bauta wa iyayengiji biyu, wato Allah da kuɗi. Kuma Bayahuden wancan zamani da ya ji an ambaci mugun ido, rowa da ƙyashi yake fahimta. Attaura ma ta yi wannan kashedi a Maimaitawar Shari'a, sura ta 15, ga mai hali wanda ya ga shekara ta bakwai, shekarar yafe basussuka, ta gabato, sai ya murtuke wa ɗan'uwansa matalauci fuska ya hana shi rance. Haka kuma a misalin 'yan ƙodagon gonar inabi, inda waɗanda suka wuni cikin rana suka yi gunaguni don an biya na yamma dinari ɗaya daidai da su, mai gonar idonsu ya tuhuma, domin ba a rage musu komai ba, alherin da aka yi wa wani ne ya tsone musu ido.

Bayan mai kallo sai wanda ke son a kalle shi, kuma a kan wannan ne harshen Yesu ya fi kaifi. Abin da malamanmu ke kira riya shi ya bi ɗaya bayan ɗaya: mai sadaka da shela, da mai addu'a a mahaɗar hanya, da mai azumi yana yamutsa fuska don a sani. Ya misalta malaman Attaura da Farisiyawa da kaburburan da aka shafa wa farar ƙasa, kuma masu sauraronsa sun san abin da yake nufi fiye da mu, domin a shari'arsu wanda ya taɓa kabari ya ƙazantu kwana 7, saboda haka kafin Idin Ƙetarewa akan bi kaburbura a yi musu alama da farar ƙasa don kada masu zuwa Urushalima ibada su taka su cikin rashin sani. Ashe farin da ya fi ɗaukar ido a kan hanya shi ne wanda ake cewa a nisanta. Wasiƙar Yakubu ta shigo da maganar har cikin majami'a: ga mai zoben zinariya da tufafi masu ƙyalli, ga matalauci da tsumma, sun shigo tare, aka ce wa na farko ga wuri mai kyau, aka ce wa na biyu ya tsaya can ko ya zauna a ƙasa. Yakubu bai kira wannan ladabi ko sanin girman manya ba; alƙalanci da mugun nufi ya kira shi, kuma duk wanda ya taɓa lura da yadda ake rabon kujeru a taron biki ya san hukuncin bai tsufa ba.

Amma ƙissar da ta fi kowace tattara ma'anar ita ce ta sura ta 9 a Bisharar Yahaya. Wani mutum ne da aka haifa makaho yana bara a Urushalima. Almajirai suka gan shi, suka mai da shi mas'alar ilimi, suna tambayar ko zunubinsa ne ko na iyayensa ya jawo masa. Yesu ya kore duka biyun, ya tofa yawu a ƙasa ya kwaɓa laka, ya shafa masa a idanu, ya aike shi ya wanke a tafkin Siluwam, tafkin da masu tonon tarihi suka gano matakalansa a shekarar 2004 ana cikin gyaran magudanar ruwa. Warkarwar kanta 'yan ayoyi kaɗan ta ci. Sauran surar duk shari'a ce, domin ranar Asabar aka kwaɓa lakar. Maƙwabta da suka shekara suna ganinsa suka kasa yarda shi ne, wasu suna cewa mai kama da shi ne. Farisiyawa suka kira shi suka yi masa tambayoyi, suka kira iyayensa, su kuwa don tsoron kada a kore su daga majami'a suka ce ɗansu ne, makaho kuma aka haife shi, sauran a tambaye shi ai ba yaro ba ne. Aka sake kiransa. Duk tambayar da aka ƙara masa sai ganinsa ya ƙaru: da farko wani mutum mai suna Yesu ya ce ya warkar da shi, can ya ce annabi ne, can ya ce wanda ba daga Allah yake ba ba zai iya wannan ba, su kuwa masu idanu da littattafai, duk hujjar da aka ƙara musu sai su ƙara runtsewa, har suka kore shi. Hukuncin da Yesu ya rufe da shi mai nauyi ne: da sun yarda makafi ne da ba su da laifi, da'awar gani ita ta tabbatar musu da shi. Bulus ma, wanda ya nufi Dimashƙu da takardun kama Kirista yana ganin shi ne a kan shiriya, sai da ya kwana 3 ba ya gani, ba ci ba sha, aka ja shi da hannu zuwa cikin birni, kafin Hananiya ya ɗora masa hannu wani abu kamar ɓawo ya faɗo daga idanunsa.

Malaman Kirista na farko, musamman na arewacin Afirka, sun yi dogon nazari a kan wannan. Agustin, wanda aka haifa a shekarar 354 a Tagaste, cikin Aljeriya ta yau, ya rasu a 430 yana bishop na Hippo, ya ba da labarin abokinsa Alifiyus, saurayi mai kamun kai da ya je Rum karatun shari'a, yana ƙyamar wasan da ake haɗa mutane su kashe juna a gaban 'yan kallo. Wata rana abokansa suka ja shi da ƙarfi zuwa dandalin, ya ce musu jikinsa kawai za su iya kaiwa, ya zauna ya runtse ido. Da wani daga cikin masu faɗan ya faɗi, taro ya ɗau ihu, sai son sani ya rinjaye shi, ya ce bari ya duba sau ɗaya ya raina abin. Yana ganin jini ya kasa kau da kai, ya shiga ihu tare da su, daga ranar kuma shi ke jan wasu. Agustin ya fahimci cewa sha'awar ido da Yahaya ya ambata a wasiƙarsa ta farko ba ta tsaya ga kyakkyawa ba, har abin ƙyama mutum kan so ya gani, kamar yadda jama'a kan taru a kan gawa. A Iskandariyya kuwa akwai Didimus, wanda ya makance tun yana ɗan shekara 4, ya haddace nassi ta hanyar sauraro har ya zama babban malamin birnin. An ruwaito cewa da Antoni mai zuhudu ya ziyarce shi, ya ga yana jin zafin rashin idonsa, ya lallashe shi da cewa abin da ya rasa ƙuda ma yana da shi, abin da aka ba shi kuwa na waliyyai ne.

Akwai wani shiru a cikin Bisharu huɗu da ya dace a tsaya a kansa. Littafin da ya gaya mana tsawon Saul da nauyin sumar Absalom, bai gaya mana tsawon Yesu ba, ko launin fatarsa, ko siffar fuskarsa. Mutanen Nazarat da suka san shi tun yana yaro ɗan masassaƙi kawai suka gani, kamar yadda Bahaushe ke cewa, ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. A daren da aka kama shi kuwa sai da Yahuza ya nuna shi da sumba. Magabatan Kirista suka rabu biyu: Tartuliyan na Kartaj da wasunsa, suna dogara da sura ta 53 ta Ishaya wadda ta siffanta Bawan Ubangiji da rashin kyan da zai ja ido, suka ce ba shi da kyan sura, Jerom da Yahaya Kirisostom kuma suka karkata ga Zabura ta 45, suka ce akwai kwarjini a fuskarsa. Masu zane ba su jira a warware saɓanin ba. Zanen da aka samu a wata majami'ar gida a Dura-Yuropos ta ƙasar Sham, na wajen shekarar 235, saurayi ne marar gemu. Rumawan gabas suka ba shi gemu da doguwar suma, har rigimar halaccin hotuna ta raba daularsu fiye da shekara 100, taron Nikiya na 787 ya halatta su, amma wutar ba ta mutu ba sai 843. A shekarar 1940 wani mai zane a Amurka, Warner Sallman, ya zana shi da farar fata da suma mai laushi, aka buga hoton ba adadi, ya shiga gidaje da majami'u har a ƙasashenmu. Habashawa kuwa da kamanninsu suka zana shi, da manyan idanu, kuma a al'adar zanensu salihi akan nuna fuskarsa gaba ɗaya da idanunsa biyu, mugu kuma a juya shi gefe, ido ɗaya kawai ake bari a gani.